Wa Ke Miki Kiɗa?

Gwaram,
Ranar Litinin.

Zuwa ga 'yata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki Malam Ishiyaku, kamar yadda muke nan lafiya ni da gwaggonki Tani. An fara cirar gyaɗa, ta bayan gida ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Kin san tun da kunnuwana suka toshe waya ba ta da amfani a wurina, shi ya sa na koma takarda. Zan ba Ishiyaku ya kawo miki in ya juya da motarsa Birnin Kudu. Na manne bakinta sosai, don maganar tsakanina da ke ce tukuna.

Shekaranjiya Tani ta dawo daga tasha ranta a ɓace. Ta tsaya a kaina tana ta magana, ina ganin baki yana motsi, ban kama ko kalma ɗaya ba. Da ta gaji sai ta ajiye mayafi, ta fita tsakar gida, tsohuwa da ita, ta shiga girgiza kafaɗu tana buga ƙafa. Ta tsinci ganyen dalbejiya tana mannawa a goshinta. Sannan ta nuna hotonki na jikin bango, ta nuna hanyar Birnin Kudu. Na tsufa da kalangu a hammata ban taɓa ganin rawa mai muni irin ta Tani ba, amma saƙon ya iso: wai kina rawa, ana miki liƙi.

Ba zan yi miki faɗa ba sai na ji daga gare ki. Mu gidan kiɗa ne, rawa ba baƙuwarmu ba ce, innarki ma, Allah Ya jiƙanta, a fage na fara ganinta. Amma ke yanzu matar aure ce, kuma na san yadda mutane suke da baki. Ki gaya mini gaskiya. A ina kike rawar? Mijinki ya sani?

Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, ko da yake bai kamata a ce shi ne ba: wa ke miki kiɗa? In yaron nan ne na Sundimina mai dukan ganga kamar yana kakkaɓe buhu, to ba ki kyauta mini ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Buba Mai Kalangu.


Birnin Kudu,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, ina gaishe da Gwaggo. Yaya jikin, yaya aikin gyaɗa? Allah Ya sa albarka.

Baba, na karanta takardarka na yi dariya har Prisca, wadda muke aiki tare a kemis, ta zaci wani abu ya same ni. Bayan dariyar kuma sai jikina ya yi sanyi, da na tuna kwana biyu ka yi da wannan magana a ranka ba ka da wanda za ka tambaya. Ka yafe mini.

Laifin surukinka ne. Shi ya ce da abokansa a tasha, cikin wasa, “Ai ni matata rawa take, har liƙi ake mata.” Bai lura Gwaggo tana bayansa tana cinikin albasa ba. Tun da ya ji abin da ya jawo, kunyar haɗa ido da kai yake yi.

Ga yadda abin yake. Wasa ne a cikin waya, Prisca ce ta nuna mini. An zana wani gari wanda babu shi a duniya, da kasuwa da ƙofofi da daji, mutane daga ƙasashe daban-daban suna shiga ta intanet. Kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa da yake juyawa da yatsa, kowa kuma da sana'arsa. Akwai mayaƙa, akwai maƙera, akwai masu haɗa magani. Prisca mayaƙiya ce, kullum dodanni suna kashe ta tana tashi. Ni na duba duka na ga ba na son kashe kowa, sai na zaɓi rawa.

A dokar wasan, mayaƙi in ya dawo daga daji mutum-mutuminsa yana gajiya, takobinsa ba ya ci sosai sai ya huta. Hanyar hutun kuwa ita ce ya shiga wani babban zaure ya zauna ya kalli rawa. A nan nake. Tawa 'yar tsanar ba ta wuce tsawon babban yatsana ba, na sa mata doguwar riga da ɗankwali, na sa mata suna 'Yar Kalangu. Ina danna gilashin waya tana ɗaga ƙafa. In na danna a kan lokaci rawar ta yi kyau, gajiyarsu ta tafi da wuri, su kuma su jefo mini zinariya. Shi ne liƙin.

Kada ka ji zinariya ka ce 'yarka ta yi arziki. Ta cikin wasa ce, ko ashana ba za ta saya a kasuwar Gwaram ba. Da ita nake biyan kuɗin wurin tsayawata a zauren, in sayi sababbin tufafi da sabon salon taku. Amma ba zan ɓoye maka ba, ina jin daɗin abin. A kemis yini nake ina miƙa wa mutane magani, fuskokinsu duk a damuwa, daga asibiti suke ko can za su. In rana ta take ciniki ya ɗauke, sai in shiga zauren nan in ga mutane sun zo wurina don su huta. Akwai waɗanda ba sa zama gaban kowa sai ni.

Ka tambayi wanda ke mini kiɗa. Babu kowa, Baba. Wasan yana da nasa kiɗan, wani irin goge-goge marar gishiri, ni kuwa kashe muryar wayar nake yi saboda masu sayen magani. A shiru nake rawata.

Sannan ina sake roƙonka ka zo a duba kunnen nan. Likitan kunne yana zuwa nan asibiti, surukinka zai ɗauko ka ya mayar da kai.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Mas'uda.


Gwaram,
Ranar Asabar.

'Yata Mas'uda,

Bayan sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta ta har sau biyu. Hankalina ya kwanta. Ki ce da Ishiyaku ya daina ajiye takarda a zaure yana gudu, ban riƙe shi da komai ba.

Garin da babu shi a duniya, da zinariyar da ba ta sayen ashana, waɗannan na bar wa zamaninku. Amma akwai abu biyu da ban yarda da su ba.

Na farko, babu mai rawa a shiru. Ko mahaukacin bakin kasuwa akwai abin da yake ji. In ƙafar 'yar tsanar nan tana sauka daidai har mutane suna zaɓenta, to wani kiɗa take bi, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Na biyu ya fi nauyi. Kin tashi a gidan kiɗa, ya aka yi kika manta da wannan? Kuɗin liƙi ba na mai rawa ba ne. A goshinsa ake mannawa, gaskiya ne, shi ake girmamawa. Amma in ya faɗi ƙasa na makaɗi ne. Innarki ta sha liƙi a gabana, ba ta taɓa sunkuyawa ta ɗauki ko sisi ba, mai rawar da ya san kansa ba ya duban ƙasa. Ke kuwa kina rawa kina kwashewa, har kina ɗinka wa 'yar tsana riga. Ko na wasa ne, hakkin wani ne. Ki nemi mai kiɗanki ki ba shi abinsa.

Maganar asibiti ki bar ta. Abin da kunnen nan zai ji a duniya ya riga ya ji.

Allah Ya yi albarka.

Buba.


Gwaram,
Ranar Lahadi.

Mas'uda,

Salamu alaikum. Ni ce gwaggonki Tani. Zahara'u matar maƙwabcinmu ce take rubuta mini, na ce da ita ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai dogon bakin nan mijinki.

Na ji wai rawar taki ta cikin waya ce. To madalla. Ni dai abin da kunnena ya ji na kai, kuma gwiwata har yau ciwo take saboda rawar da na yi wa ubanki. Ba wannan ya sa na aiko ba.

Kin lura da yadda ya sa hannu a takardarsa ta jiya? Zahara'u ta gani kafin ya naɗe, ta ce Buba kawai ya rubuta, babu Mai Kalangu. To bari in gaya miki abin da ya hana ni gaya miki.

Da damina Sarkin Pawa ya aurar da ɗansa, ya aiko lallai sai ubanki, don shi yake wa gidansu kiɗa tun zamanin mahaifinsa. Na ce kada ya je, ya ce hannu ai bai kurumce ba. Ya je. Ashe damshi ya saki fatar, tsarkiya ta yi sako-sako, shi kuwa ba ya ji. Ya ɗauki taken Sarkin Pawa da ƙarfinsa, fuskarsa cike da fara'a, abin da ke fita kuwa kamar akuya ta shaƙe. Samarin mahauta suka fara dariya. Shi yana ganin haƙora a waje ya ɗauka daɗi suke ji, ya ƙara ƙaimi. Ina can cikin mata, na rasa inda zan sa kaina.

Sarkin Pawa mutumin kirki ne. Ya taso da kansa, ya manna masa kuɗi a goshi, sannan ya kama hannunsa na dama ya riƙe, yana murmushi, bai saki ba. A nan ubanki ya gane. Ya dawo gida ya ajiye kuɗin a kan tabarma, ya ce da ni, “Tani, yau an biya ni don in yi shiru.” Kuɗin suna nan ƙarƙashin tabarmar, bai taɓa su ba.

Tun ranar kalangun yana rataye a ɗaki, ya juya masa baya yake kwana. Ya daina zama ƙofar gida. Gona, masallaci, ɗaki. Yanzu kuma wani mutumin Basirka mai sayen tsofaffin kaya ya yi masa ciniki, ya ce ran kasuwa mai zuwa zai zo ya ɗauka. Kalangun nan na kakanki ne, icensa ya girme ni. Ba icen nake ji ba. Na san ɗan'uwana, ranar da abin nan ya fita daga gidan nan, shi ma zaman jiran ranarsa kawai zai yi.

Na yi masa magana da hannu, na yi da ido, har kuka na yi, ya juya kai. Mutumin da ba ya ji, in ya rufe ido shi ke nan ya tafi. Takardarki kaɗai yake buɗe wa ido. Na lura tun da maganar rawar nan ta taso yake ɗan motsi, jiya har na gan shi yana buga yatsu a gwiwa. Ki san abin da za ki rubuta masa. Kada ki ce ni na gaya miki, ko kuma ki ce, me zai yi mini.

Ki gaida abokiyar aikin taki.

Gwaggonki,
Tani.


Birnin Kudu,
Ranar Talata.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata ka tashi lafiya.

Ka ce in nemi mai kiɗana. Da farko na ɗauka faɗan tsofaffi ne, amma maganar ta ƙi barina. Jiya da rana na shiga zauren, na ce yau sai na kama kaina. Na sa 'Yar Kalangu a fage, na bar yatsuna suna yi, ni kuma na saurara. Prisca ce ma ta riga ni. Ta ce, “Ke, kullum in kina wasan nan bakinki yana motsi, me kike cewa?”

Baba, takena nake yi.

Ka tuna ina ƙarama, Inna tana ɗora mini kwanon kununka in kai maka rumfar mahauta? Da ka hango ni daga bakin kasuwa sai ka bar duk wanda kake wa kiɗa, ka juyo da kalangu wajena: Mas'uda sannu, kunun Baba ne, kar ya zube. Ni kuma in daidaita ƙafata da shi har in iso. Mahauta suna dariya suna cewa ga amaryar kunu. Ban taɓa zubarwa ba.

Shi nake dannawa, ban sani ba. Mas'uda sannu, sai in ɗan tsaya, sannan kunun Baba ne, kar ya zube. Wannan 'yar tsayawar ita ce duk sirrin. Sauran masu rawa suna bin kiɗan wasan, ƙafafunsu duk iri ɗaya kamar injin markaɗe. Tawa takan ɗaga ƙafa ta riƙe ta a sama kaɗan kafin ta sauke. Wani mayaƙi, ban san ƙasarsu ba, ya taɓa rubuto mini da Turanci cewa wurin nan da take tsayawa, shi ma sai ya ji ya riƙe numfashi. Ya tambaye ni inda na sayi salon, yana so ya saya wa matarsa. Na ce ba a kasuwar wasan yake ba, a lokacin ni ma ban san daga ina yake ba.

To ka ga na samo mai kiɗana, kuma na daɗe ina cin hakkinsa. Zinariyar da ta rage na daina taɓawa, taka ce. Na yi ta tunanin yadda zan kawo maka ita, babu hanya, ba ta fita daga garin. Wannan ya dame ni fiye da yadda nake zato. Abin wasa ne, na sani, amma shi ne abu na farko da na samu da abin da ka koya mini, ga shi ba zan iya sa maka shi a hannu ba.

Gwaggo ta gaya mini zancen bikin gidan Sarkin Pawa, da na mutumin Basirka. Kada ka yi mata faɗa. Na yi kuka, ba don an yi dariya ba, sai don ka ɗauki abin nan kai kaɗai tun damina. Kalangu naka ne, ba ni da bakin hana ka sayarwa. Amma ka koya mini mai rawa ba ya shiga fage sai makaɗi ya kira shi, ba ya kuma ci gaba in makaɗi ya ajiye sanda. Tun jiya ban sake shiga zauren ba. In mako ya zagayo ban tsaya a wurina ba za su ba wata, haka dokar take. Ba don in matsa maka na faɗa ba. Ina so ne ka sani kiɗanka yana can yana aiki a wurin da ba ka taɓa zuwa ba, gaban mutanen da ba su san sunan Gwaram ba, kuma babu wanda ya riƙe masa hannu.

Duk abin da ka yanke, ni mai biyayya ce.

'Yarka,
Mas'uda.


Gwaram,
Ranar kasuwa, da yamma.

Mas'uda,

Bayan gaisuwa. Kin ɓata mini take a gaban duniya.

Ba “Mas'uda sannu” ba ne. “Mas'uda sannu, sannu” ne. Sannu biyu ne. Wurin da kike cewa tsayawa, ba tsayawa ba ce, akwai bugu a ciki. Na farkon da sanda nake yi don ki ji daga bakin kasuwa. Na biyun da yatsun hagu nake taɓa fatar a hankali, daidai lokacin da ƙafarki take sama, kwano yana rawa a kanki, gabana yana faɗuwa. Ba don ki ji nake yin sa ba. Ko mahaucin da ke kusa da ni bai taɓa jin sa ba. Ni ma a haƙarƙarina nake jin sa.

Na so in tabbatar ban manta ba, sai na sauko da kalangun na gwada. Yana nan a haƙarƙarin inda na bar shi.

Mutumin Basirka ya zo ɗazu. Na ba shi goro da haƙuri.

Ran Juma'a Ishiyaku ya kawo ki, ki zo da wayar da cajinta. Ki koma wurinki a zauren rawa kafin nan, makaɗi ya kira. Zinariyar ki riƙe a hannunki, ki ɗinka wa 'Yar Kalangu riga mai kyau, kyautar makaɗi ce. Zan zauna inda zan ga ƙafarta, don da ma ƙafa nake bi, ba kunne ba. Ke kuma ki zauna inda zan ga fuskarki. In fatar ta saki kada ki yi mini murmushi, ki ɗaga yatsa in ƙara matsewa.

Ki taho da kunu.

Mahaifinki,
Buba Mai Kalangu.